Shatar Mota Daga Bauchi Zuwa Ƙasar Kuza: Abin da Ake Samu da Inda Ake Cutuwa

Mutumin Bauchi ba baƙon hanyar Jos ba ne. Ɗan kasuwa na binta, ɗalibi na binta, mai kai mara lafiya asibiti na binta. Amma yawancin fasinja da an wuce Buzaye sai gyangyaɗi, ba sa farkawa sai sanyin Tilde ya shigo ta taga. Wannan sharhi kan wata hidima ce dabam: ɗaukar shatar mota da direbanta daga Bauchi, na yini guda ko biyu, a bi hanyar a tsanake don ganin ƙasar kuza, tun daga Tilden Fulani inda Turawan haƙa suka fara sauka har kududdufan Bukur.

Hukuncinmu tun farko shi ne, hanyar ta cancanci kuɗin mai da na shata, amma hidimar shatar kanta ɗanya ce. Direbobin tasha sun ƙware wajen kai mutum Jos cikin awa biyu, ba su saba da fasinjan da zai ce a tsaya ya kalli tsauni ba. Ba kasafai kuma za ka ga allon bayani a bakin titi ba. Wanda bai san abin da ya fito nema ba zai biya kuɗin yawon buɗe ido, ya dawo gida da kabeji kawai.

Daga Bauchi zuwa Jos kimanin kilomita 130 ne a kan babbar hanyar tarayya ta A3, Bukur kuma wajen kilomita 15 a gaba. Bauchi na kan tsayin mita 600 da 'yan kai daga bakin teku, Jos wajen mita 1,200. Ke nan motar za ta ɗaga kanta da mutanen cikinta mita 600, kuma galibin hawan a rabin hanya na biyu yake. Wannan lissafi shi ke yanke irin motar da za a ɗauka, da man da za ta sha, da abin da zai iya lalacewa.

Motar haya ta tasha ba ta yi wannan aiki ba, kada ma a ɓata lokaci. Biyu a gaba, huɗu a baya, tsayawa sai sallah ko shingen jami'an tsaro. In an sauka Jos kuma an hana acaɓa a cikin gari, sai keke napep, ga shi wuraren da ake son gani a warwatse suke.

Cinikin shata

A nan ake yawan cutuwa, kuma ba don direba mugu ne ba. Kalmar ce kowa ke ji da kunnensa. In ka ce wa ɗan kamasho kana son shata zuwa Jos, abin da direba ya fahimta shi ne ya kai ka, ya ajiye ka, ya shiga tashar Bauchi Road ya ɗebi fasinja ya juyo. Kai kuwa yini kake nufi. Shi ya sa da azahar, kuna tsakiyar Jos, za ka ji ya ce, "Alhaji, ai Jos muka yi da kai. Bukur kuma wani lissafi ne." Kuma da gaskiyarsa.

Saboda haka a gaban ɗan kamasho, kafin a tayar da mota, a ambaci wuraren tsayawa da sunayensu: Panshanu, Tilde, gidan tarihi na Jos, Rayfield, Bukur. A faɗi ƙarfe nawa za a juyo. A yi magana ƙarara cewa ba ɗaukar fasinja ko buhu a hanya, domin a dawowa kayan gwari na jan hankalin kowane direba, kuma buhu uku na dankali a but sun isa su sauya yadda birki ke kamawa a gangara. Abincin direba na rana a kanka yake, al'ada ce, kada ka jira ya roƙa. In kwana za a yi, a yanke kuɗin makwancinsa tun a Bauchi. A ba da rabin kuɗin shata a farko, ragowar sai an dawo.

Maganar mai ita ce babba. Kada ka yarda da shata mai haɗe da mai a dunƙule, ko da ta fi araha a baki. Direban da man ke fita daga aljihunsa zai kashe na'urar sanyaya mota, zai ƙi ratsewa ko'ina, kuma a gangara zai zuba motar a firi don ya rage sha. Abin da ya fi shi ne a biya shi ladan mota da na tuƙi daban, kai ka sayi mai da hannunka. Zuwa da dawowa kilomita 260, zagayen Jos da Bukur ya ƙara 70 zuwa 80, jimla wajen 340. Ƙaramar mota mai lafiya irin su Golf ko Corolla, da hawa da na'urar sanyi, tana cin kilomita 10 zuwa 11 a lita guda, wato lita 31 zuwa 34. Ka yi tanadin 40. Babba irin Sienna ko Sharon a lissafa mata kilomita 7 zuwa 8 a lita, ta kama 43 zuwa 49. A cika tanki a Bauchi a gaban idonka, a sake cikawa a dawowa, abin da ta sha ya fito fili ba gardama.

A ina za a samo direban? Wanda ke kan layin Jos a tasha ya san kowane rami da kowace kwana, amma gaggawa ta zame masa jiki. Direban gida ko na ofis da ke hutun ƙarshen mako ya fi haƙuri, sai dai sau da yawa bai san lungunan Bukur ba. A ganinmu na farkon ya fi, muddin dattijo ne, an kuma gaya masa tun dare cewa gobe ba sauri ake ba.

Minti goma na duba mota kafin tashi sun fi awa uku a bakin daji. A buɗe gaban mota injin na sanyi. Ruwan lagireto in ja ne kamar kunun kanwa, tsatsa ta cika shi, kuma irin wannan ne ke tafasa a hawa. A duba robar murfin lagireto. Mutane na raina murfin nan, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, kuma a tsayin Jos ruwa na tafasa ne a wajen digiri 96, ba 100 ba, don haka murfi mai yoyon iska ya fi nuna halinsa a can sama. A tayar da injin a jira a ji fanka ta kama. A taka birki a riƙe: in feda na nutsewa a hankali, a sauya mota, ba a sauya shawara ba. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar Beljiyam mai kyan zane amma ta shekara bakwai ko takwas, ita ce ke fashewa a kwalta mai zafi. Sai safaya mai iska, da jak, da sifanar taya, da jarkar ruwa ta lita 10. Takardun mota da lasisi da abin kashe gobara su zama cikakku, domin shingaye na da yawa, kuma duk mintin da aka ɓata ana roƙo daga yininka aka cire shi.

Hanyar kanta

A bar Bauchi da ƙarfe shida da rabi, bayan an karya da masa. Ta Wuntin Dada ake fita. Kilomita 40 na farko shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, gonakin dawa da masara, da duwatsu jefi-jefi, ba abin tsayawa. Tsaunin Zaranda ne abu na farko da zai cika ido, kuma da hantsi ya fi kyau, rana na bayanka tana haska shi. Akwai zanen dutse na mutanen dā a Geji, cikin ƙaramar hukumar Toro, amma sai an bar kwalta an shiga burji an nemi ɗan jagora. Wannan tafiya ce mai zaman kanta, kada a cusa ta cikin ta yau.

Nabordo wurin shan shayi ne da sake leƙa allurar zafin injin. Daga nan ƙasa ke fara sauya fuska. Duwatsu su matso bakin titi, kwanoni su yawaita, har a iso Panshanu, inda hanya ke ratsa tsakanin tsaunuka. Nan ne mafi kyan gani a duk tafiyar, nan ne kuma mafi haɗari. Tireloli da tankokin mai na hawa kamar kunkuru, direba ya ƙosa ya ce zai wuce a kwana. Ka hana shi, da kakkausar murya in ta kama. Shata ka ɗauka, kana da wannan iko.

A gindin Panshanu akwai tulin duwatsun da ake kira Kwandon Kaya, wanda ke cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, kuma ana danganta shi da zamanin Sarkin Bauchi Yakubu na farko. Ido ba ya kama shi daga cikin mota mai gudu, domin tulin dutse ne a ƙasar da ko'ina dutse. A tsaya inda kafaɗar titi ke da faɗi, nesa da kwana, a yi sallama da mutanen wurin a tambaya. Duwatsun wannan yanki irin waɗanda ke ɗauke da kuza ne. Ruwan sama na miliyoyin shekaru ne ya marmashe su, ya wanko baƙin yashin ya zuba a kwaruruka da rafuka. Shi ya sa kuzar Filato galibinta ba a cikin dutse aka haƙe ta ba, a tsohon kwancin rafi aka same ta.

In allura ta haura a wannan hawa, ga abin yi. A kashe na'urar sanyi, a sauka gefe a wuri mai lebur. In fanka na juyawa kuma ba tururi, a bar injin na aiki a tsaye ya huce da kansa. In tururi na fita, a kashe, a jira minti 30. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan na fesowa fuska. Kada kuma a kwara wa injin ruwan sanyi, abin da direbobi da yawa ke yi ke nan, kuma shi ke ƙona gaskit ko ya tsaga kan injin, gyaran da ya ninka kuɗin shatar sau da yawa.

Magama Gumau mararraba ce mai kasuwa, akwai mai faci da bakanike. Hanyar da ta yi dama tana zuwa Gumau da Rishi, ita ma ƙasar ma'adinai ce, amma ta kusanci dazukan Lame da Burra waɗanda suka yi fama da masu garkuwa da mutane. Ba ma ba baƙo shawarar ratsawa can don kallo.

Tilden Fulani gari ne da kowa ke wucewa, alhali a nan labarin ya fara. Tun kafin Bature, maƙeran Ririwai ta ƙasar Kano, da 'yan'uwansu na Ririwain Dalma a ƙasar Bauchi, suna wanke kuza a rafi, su narka ta da gawayi da zugazugi, su zuba ta sirara kamar tsinke. Fatake su ɗaure ta dami-dami su kai Kano da Bida, inda maƙeran farfaru ke shafe kwanonin tagulla da ita. Waɗannan tsinkaye ne 'yan Kamfanin Neja, kamfanin cinikin Turawan Ingila, suka gani a kasuwannin bakin Binuwai, suka shiga neman inda suke fitowa. A 1902, shekarar da Turawa suka ci Bauchi, kamfanin ya turo wani injiniya mai suna Nicolaus ya bi sawu har rafin Dilimi. A 1903 wani injiniyan kamfanin mai suna Laws, wanda daga baya aka fi sani da Kanar Laws, ya kafa sansani a Tilde, sannan ya matsa Naraguta. Ginshiƙin shaidar filin haƙa na farko yana Tilden Fulani, shi ma yana cikin wuraren tarihi na ƙasa. Ƙaramin abu ne, mai jiran ganin gini zai ji an yaudare shi. A bi ta ƙofar mai gari a gaida dattawa, a ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Bauchi, alamar Turawan kuza muka zo gani." Za a haɗa ku da yaro. A sallame shi da abin goro.

Su kuwa maƙeran Ririwai, da kamfanoni suka mallake filayen, hukumar Turawa ta hana su sana'ar kakanninsu.

Wani abu da ɗan Bauchi ya kamata ya riƙe: duk ƙasar nan ta tudu a ƙarƙashin Lardin Bauchi take har 1926, lokacin da aka yanke Lardin Filato. A takardun Turawa na farko ma Tudun Bauchi ake kiranta. Shi ya sa siririn layin dogon da aka ja daga Zariya ya iso Jos da Bukur a 1914 aka sa masa sunan Bauchi, alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, an rufe shi a 1957. Kafin a yi shi, a ka ake ɗaukar kuza, 'yan alaro su taka da ita har Loko a bakin Binuwai. Jirgin ƙasa bai iso Bauchi ba sai 1961, ta layin da ya taso daga Kuru.

Bayan Tilde da Babale sai Jos, ta gefen Naraguta da jami'a. In an tashi a kan lokaci, ƙarfe goma ta yi muku a nan. A wuce kai tsaye gidan tarihi, kafin cunkoson tsakiyar gari ya kankama. An buɗe shi a 1952, aikin wani Bature masanin kayan tarihi ne mai suna Bernard Fagg, kuma gidan tarihin kansa haƙar kuza ce silarsa. Masu haƙa ne suka fara tono kawunan yumɓun nan na Nok, a ƙauyen Nok na kudancin Kaduna a 1928. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kai daga Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙa ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi, bai san abin ya haura shekara 2,000 ba. A harabar akwai sashen kayan haƙar kuza, da kayan tsohon jirgin nan siriri, da kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da aka gina da ƙasa. A ba wurin awa ɗaya da rabi. A fara da sashen kuza, don abin da za a gani a Bukur ya yi ma'ana.

Kududdufai da jajayen tuddai

Daga Anglo Jos zuwa Rayfield da Bukur da Kuru, ka daina kallon tsaunuka, ka kalli ƙasa. Za ka ga tudun jar ƙasa mai tsini, ruwa ya zaizaye jikinsa ya yi masa tsaga-tsaga, ciyawa ta ƙi kama shi. A gindinsa kuma tafki, ruwansa kore ko shuɗi, shiru kamar an rufe shi da gilashi. Ba ɗaya daga cikinsu da Allah ya halitta haka. Kamfani ya kware ƙasar sama ya tara gefe, tudun ke nan. Ya bi tsakuwa mai kuza ƙasa da manyan injinan haƙa da bututun ruwa mai ƙarfi, da ya tashi ruwa ya cike ramin, tafkin ke nan. Wutar da ta juya injinan daga ruwan Kurra take zuwa, ta kamfanin NESCO, tun wajejen 1930. Dogayen itatuwan turare da ke jere a wasu wuraren dasa su aka yi don a farfaɗo da ƙasar da haƙa ta kashe. Shingen ƙerana mai ƙaya da ke zagaye da gonaki kuwa na Birom ne, masu ƙasar, ya riga kamfani zuwa.

Sunayen garuruwan ma shaida ne: Barikin Ladi, Sabon Gidan Kanar, Dorowa Babuje, Bisichi. Barikokin lebura ne da suka zama garuruwa, kuma Hausar da ke bakinsu ta mutanen Kano da Zazzau da Bauchi da Sakkwato ce da suka zo cin rani suka zauna. Ba kowa ne ya zo da son ransa ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas, wanda tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, aka kwaso talakawa daga lardunan Arewa. Mutumin da ya saba da zafin Katagum aka kawo shi tudu da riga ɗaya, yana aiki cikin ruwa. Sanyi da ciwon ƙirji da ƙarancin abinci suka kashe da yawa. A 1943 abin da aka haƙa ya haura tan 17,000, bai sake kai haka ba. A shekarun 1950 kwalambait, ma'adinin da ke fitowa tare da kuza, wadda dā ake zubarwa a matsayin datti, ta yi daraja har Najeriya ta zama ita ke ba duniya mafi yawanta. Faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ita ta ƙarasa abin da ya rage na manyan kamfanoni.

Haƙa dai ba ta mutu ba, hannu ta sauya. A gefen tsofaffin ramukan za ka tarar da masu wanki, galibi mata. A tsaya a kalli hannun mace ɗaya, ya fi duk bayanin da ke gidan tarihi. Ta ɗebo tsakuwa a ƙwarya, ta tsoma bakinta a ruwa, tana juyawa tana karkatarwa kamar mai rege shinkafa. Farin yashi na bin ruwa yana fita, domin kuza ta ninka shi nauyi fiye da sau biyu da rabi. Bayan 'yan mintoci abin da ya rage a gindin ƙwaryar bai fi cikin cokali biyu ba, baƙi, mai ƙyalli, in an zuba maka a tafin hannu sai ka ji nauyin ya fi ƙarfin girmansa. A ce musu sannunku da aiki kafin komai, kuma kada a ɗaga waya sai an nemi izini. Wasu ba su da takardar haƙa, mai ɗaukar hoto a wurinsu ɗan rahoto ne.

Maza kuma suna loto: rami kamar rijiya, faɗinsa bai fi mutum ɗaya ba, a zura mutum da igiya, a ƙasa ya yi ta rarake gefe yana bin jijiyar kuza. Yana ruftawa, musamman da damina, hayaƙin injin jan ruwa kuma na kashe na ciki. Abin da ya shafi mai kallo shi ne tsofaffin ramukan loto da ciyawa ta rufe bakinsu. A bi turbar da ƙafa ta taka kawai, yara kuma a riƙe hannunsu.

Kududdufan ba na wanka ba ne, komai kyan ruwan. Ba su da gaɓa mai gangarowa a hankali irin ta kogi, taku biyu daga baki sai zurfi, ruwan ƙasan na da sanyin da ke ɗaure jijiya, gindin kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Suna cin mutane da dabbobi. Mai iyali ya tsaya a tafkin Rayfield, wanda aka mayar wurin shaƙatawa, mota na isa har bakinsa. Kusa da shi akwai filin wasan golf da Turawan kuza suka kafa tun 1913. Sannan kada kyan yashin da aka tara bayan an tace kuza ya ruɗi kowa ya ɗebo a buhu don shafe ko wasan yara. Yana ɗauke da ma'adinan da ke fitar da tururin nukiliya mai cutarwa in an daɗe tare da shi.

Amfanin da ramukan suka yi, wanda kamfani bai nufa ba, shi ne noman rani. Za ka ga injin ban ruwa a bakin tafki, tiyo ya haura tudu, ƙasa kuma kore shar da dankalin Turawa da kabeji da karas da latas. Kayan miyar da ke zuwa kasuwar Muda Lawal ta Bauchi daga Jos, wani kasonsu ruwan ramin kuza ya sha.

Daga Bukur zuwa kudu, wajen Barikin Ladi da Riyom, nan ne filin ya fi buɗewa, tafkunan suka fi yawa. Amma yanki ne da ya sha fama da rikici, kuma lamarin na sauyawa cikin kwana ɗaya. Ba a shiga sai an kira wani mazaunin Jos a safiyar ranar an ji lafiya, ba a barin babban titi, ba a kuma kai la'asar a can. In direba ya ce hankalinsa bai kwanta ba, a bi maganarsa. Wannan ne wuri ɗaya da muke cewa ra'ayin direba ya rinjayi na mai shata.

Game da lokaci, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi. Ruwa ya ɗauke, ƙasa na nan kore, sama garau, har tsaunukan Shere masu tsayin mita 1,829 ana ganinsu tar daga gabashin Jos. A Disamba da Janairu hazo na shafe tsaunukan, ka biya kuɗi ka kalli farin bango, ga sanyin dare da ke sauka wajen digiri 10. A Yuli da Agusta ruwa ba ya ɗagawa, burjin bakin tafkuna ya zama santsi. Ko da wane wata ne a riƙo rigar sanyi, ɗan Bauchi na raina iskar Bukur sai ta shige shi.

Yini ɗaya na isa in an tsaya a Bukur, amma a guje. Mai hali ya kwana, ya ci gwaten acca da dare, washegari ya ga tafkunan da sassafe lokacin da hazon ruwa ke tashi a kansu.

Mai juyowa a ranar ya bar Bukur da ƙarfe uku. A tsaya Farin Gada a yi cefane daidai na gida, minti 20, ba buhu-buhu ba. Ƙarfe huɗu ta yi muku a bayan gari. Yanzu mita 600 ɗin nan da aka hau za a sauko su, kuma nauyin ya koma kan birki. Direba ya sa giya ta uku, ta biyu a inda gangarar ta yi tsanani, injin ya riƙe motar. In ya zuba ta a firi yana dogara da feda, birki na ɗaukar zafi, tsohon man birki da ya sha danshi ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba ta kama komai. Alamar farko wari ne kamar na ƙonannen roba. Da an ji shi a tsaya a wuri mai lebur a ba shi minti 20, kada a watsa wa ƙafafun ruwa. A yi ƙoƙari a wuce Panshanu da sauran rana, domin bayan magariba manyan motoci ne ke mallakar hanyar, wasu da fitila ɗaya, kuma wadda ta lalace a kwana ganye kawai ake zuba mata a kwalta.